An bar jaki ana dukan taiki a shagunan gyaran kwamfuta

A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ya kai maƙura, na raka wani ƙanena da ke sana'ar tace bidiyon biki zuwa wani shagon gyara a Wuse, saboda kwamfutarsa ta ɗauki wata ɗabi'a: yana tsakiyar aiki allon zai yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo, manhajar kuma ta rufe kanta. Mai gyaran bai ko kunna ta ba ya yanke hukunci. "Oga, Windows ɗin ne ya lalace, sai an goge an sa sabo." Aka goge, aka biya, bayan kwana uku cutar ta dawo.

A ganina wannan gaggawar gogewa ita ce babbar illar sana'ar a wurinmu, domin allon da ke ɗaukewa ya dawo ya riga ya faɗi inda ciwon yake. Tun daga Windows Vista, Microsoft ya sanya wani tsari da ake kira TDR, wanda ke bai wa na'urar sarrafa hoto daƙiƙa 2 ta amsa kira; idan ta yi shiru, sai Windows ya sake tayar da direbanta, wato manhajar da ke tafinta tsakanin na'urar da sauran kwamfutar. Baƙin da ake gani ke nan. Windows kuma yana rubuta abin da ya faru a Event Viewer, wato kundin da yake ajiye rahoton matsaloli, da lamba 4101, idan farfaɗowar ta gagara kuwa allon ya koma shuɗi da lambar 0x116, sau da yawa har da sunan fayil ɗin direban da ya yi laifin, gwargwadon kamfanin da ya ƙera na'urar hoton: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, igdkmd64.sys na Intel, atikmdag.sys ko amdkmdag.sys na AMD. Duba wannan bai fi minti biyar ba, amma wanda ya goge komai ya goge har da shaidar.

Matsalar kuma ba sabuwa ba ce. Takardun Microsoft da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2008 sun nuna cewa direbobin Nvidia ne suka haddasa kusan kashi 29 cikin 100 na tsayawar Vista da aka tattara a 2007, fiye da na Microsoft ɗin kansa.

Abin da ya kamata mai gyara ya fara yi shi ne ya raba tsakanin laifin direba da laifin ƙarfe, wato kayan jikin kwamfutar. Idan matsalar ta soma ne bayan sabuntawa, a mayar da tsohon direba ta Device Manager, wato sashen Windows mai kula da na'urori da direbobinsu, ko a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da muhimman direbobi kaɗai, a cire shi tas da DDU, manhajar cire direban hoto wadda kyauta ce, sannan a sauke na shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ba na cikin filashin da ya zaga kwamfuta ɗari ba. Idan a Chrome ko Zoom kaɗai take faruwa, a kashe zaɓin da ke miƙa aikin zane ga na'urar hoto a gani. Wanda allonsa ya daskare yana iya danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare don farfaɗo da direban hoto kafin ya zare waya, da yake mu mutanen zare waya ne.

Amma idan kwamfutar ba ta tsayawa sai ta ɗauki nauyi ta yi zafi, ko layuka da ɗigo-ɗigo suna bayyana tun kafin Windows ya tashi, to zargi ya fi karkata ga ƙarfe. Yawancin kwamfutocinmu na gwanjo ne, sun sha shekaru a Turai kafin su zo su sha ƙurar hunturu a nan, man da ke tsakanin na'urar da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe kamar laka.

Na san hujjar masu gyara: gogewa tana da farashin da kowa ya sani, bincike kuwa kwastoma ba ya ganinsa balle ya biya. Akwai gaskiya a ciki, kuma mu masu kai gyara muna da rabonmu na laifin, tunda mun fi yarda da aikin da ya ci awa uku a kan wanda ya ci minti goma. Sai dai hakan bai halatta karɓar kuɗi a kan gyaran gangar Auzinawa ba.

Kwamfutar ƙanena, da wani yaro a shago na biyu ya kwance ta, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. Ya share, ya shafa sabon mai, ya karɓi abin da bai kai rabin kuɗin gogewar ba. Bidiyon biki biyu da suka tafi a shagon farko dai har yau amaren suna kiran waya.