Kafin a sayar da gona don yaro ya je Amurka buga ƙwallo

Tun da wata kotu a Kaliforniya ta amince, a watan Yunin 2025, da yarjejeniyar da ta ba jami'o'in Amurka damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, dillalan sikolashif suka samu sabuwar waƙa. A WhatsApp da bakin filayen atisaye, daga Kano da Kaduna da Jos har Nima ta Akara, baitin ɗaya ne: yaro ya tafi jami'a, ya buga ƙwallo, a ba shi ilimi kyauta, a kuma ɗora masa albashi. Kowace makaranta, in ji su, tana da sama da dala miliyan 20 da za ta raba.

Adadin ba ƙarya ba ne. Dala miliyan 20.5 ita ce iyakar da aka yanka wa kowace makaranta a shekarar farko, in tana da su kuma ta ga dama. Abin da dillali ba zai faɗa ba shi ne kaso mafi tsoka na ƙwallon Amurkawa ne, wadda ake rungumewa a ruga da hular kwano, sai ƙwallon kwando. Tamu ta ƙafa, da suke kira soka, 'yar rakiya ce. Manyan jami'o'in da ake gani filinsu cike a talabijin, irin su Alabama da Florida da Texas ta birnin Austin, ba su ma da ƙungiyar soka ta maza a gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Sannan ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ta F-1 ba a yarda ya yi aikin kuɗi yadda ya so ba. Awa 20 a mako ne a cikin harabar makaranta lokacin karatu. Shi ya sa ko kuɗin talla da aka halatta wa 'yan wasa tun 2021, baƙi sun fi ganinsa daga nesa.

To bari mu zo kan "kyauta" ɗin. Shekara da shekaru dokar rukuni na ɗaya ta NCAA, wato mafi girma cikin rukunoninta uku, ta ba kocin soka na maza tallafin da bai wuce na mutum 9.9 ba, a ƙungiyar da ke da yara kusan talatin. A rukuni na biyu 9 ne. Koci yakan yayyanka shi kamar tsire, wannan kashi 25, wancan kashi 40. Sabuwar yarjejeniya ta cire wannan iyaka ga makarantun da suka shige ta, ta sa musu iyakar 'yan wasa 28, amma cire iyaka bai ƙara ko sisi a aljihun sashen wasanni ba. A ɗauka makaranta tana cin dala 50,000 a shekara, da kuɗin karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, koci ya ba da kashi 40. Saura dala 30,000 a wuyan uba, kusan naira miliyan 45 in dala tana 1,500, kuma sau huɗu za a biya. Makaranta ba za ta fitar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, ba sai ta ga shaidar banki ta kuɗin shekarar farko. Ga dala 350 na SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, ga 185 na neman biza, ga tikiti, ga kayan sanyi. A Yulin 2025 ma aka mayar da bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, kuma ƙofar sai ƙara tsukewa take. Duk da haka wani yana karɓar "kuɗin fom" da alkawarin tafiya kafin damina.

Masu cewa "in ba rukuni na ɗaya ba, gara a zauna a gida" suna sayen suna ne, kuma suna ba ya biyan kuɗin ɗaki.

Ni dai a wurina tambaya ɗaya ce ta isa ta tace makarantu: in gwiwar yaron ta goce a watan farko, ko aka kori kocin da ya kawo shi, wa zai biya shekara ta biyu? A rukuni na ɗaya, tun 2024 an hana janye tallafi saboda rauni ko rashin tagomashi a fili. A rukuni na biyu da ƙananan kwalejoji na shekara biyu, inda dillalai suka fi samun ƙofa, shekara-shekara ake sabunta shi, kuma koci ne wuƙa da nama. Kuɗin da ke rataye a ƙafa, ƙafa na iya zubar da shi. Wanda aka samu da sakamakon jarrabawa ko da shaidar rashin ƙarfin iyaye, ba ruwansa da benci.

Nan ne ake yi wa rukuni na uku rashin adalci. Da an ji ba sa ba da tallafin wasa sai a tsuke baki. Alhali kwalejoji irin su Amherst da Bowdoin, in sun ɗauki ɗalibi, ko daga ina ya fito, sukan cike duk giɓin da iyayensa suka kasa. Kuma Amherst ta ɗauki kofin ƙasa na soka a rukuninta a 2015. Harvard da Yale da Princeton suna rukuni na ɗaya, su ma ba su ba da ko kwabo don wasa, amma tallafinsu na buƙata ya fi na yawancin kociyoyi. Shigarsu da wuya, babu musu. Sai dai wuyar ta takarda ce, kuma ita ce dillali bai iya sayarwa, don haka ba ya ambatonta.

Takardar ma ba za a tsallake ta ba ko a inda ake ba da kuɗin wasa. Cibiyar tantancewa ta NCAA tana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu, kuma za ta nemi sakamakon sakandare da na WAEC ko NECO. Akwai tarkon da ya fi kama yaranmu: shekara ɗaya kacal aka ba ɗalibi bayan gama sakandare. In ya wuce ta yana buga gasa mai tsari, kowace shekara tana cinye masa kaka ɗaya daga cikin huɗun da yake da su. Wanda ya gama aji shida shekara huɗu da suka wuce yana yawon kulob-kulob ya riga ya cinye kusan duk rabonsa tun yana gida. Masu rage shekaru a fasfo kuwa sun manta takardar WAEC tana ɗauke da tata shekarar. Sa hannu a kwantiragin ƙwararru ko takardar wakilci da eja, shi ma yana iya rushe komai.

Za a ce ai ga Abu Danladi. Gaskiya ne, ɗan Takoradi ne, ya bi ta makarantar Right to Dream ta Ghana, ya buga wa jami'ar UCLA ta Kaliforniya, kuma shi Minnesota United ta fara zaɓa a zaɓen 'yan wasa na MLS, babbar gasar soka ta Amurka, a 2017. Amma sai da ya yi sakandare a Kaliforniya tukuna, da mutanen da suka riƙe masa littafi kamar yadda suka riƙe masa takalmi. Zaɓen nan zagaye uku ne, bai wuce mutum kusan 90 ba, kuma baƙo sai ya samu ɗaya daga 'yan guraben baƙi da aka ƙayyade wa kowane kulob. NCAA da bakinta ta ce ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasanta ne ke zama ƙwararru. Kakar soka ta jami'a kuwa daga Agusta ce zuwa Disamba. Wanda burinsa Turai ne yana shekara 18, wata huɗu na wasa a shekara ba hanyarsa ba ce. Sauran 98 ɗin da digiri za su dogara, don haka a tambayi koci tun farko ko atisayen rana zai bar yaro ya shiga ɗakin gwaji in injiniyanci yake so, ko za a tura shi kwas mai sauƙi don kada maki ya faɗi.

Ya kamata hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, da hukumomin ƙwallo na jihohi su san su wane ne ke tara yara da sunan gwajin jami'o'in Amurka, su kuma nemi su nuna ɗaliban da suka taɓa turawa. Kafin nan, adireshin imel na kowane koci yana shafin makarantarsa, EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara, tana da ofis a Abuja da Legas, kuma tayin gaskiya a rubuce yake zuwa daga ofishin tallafin makaranta, da adadin dala, da adadin shekaru.