Aron labari ba laifi ba ne, amma ina Sakkwato a ciki?

Ɗiyar yayata ta zo gaishe ni ranar Juma'a, waya a hannu, tana mita. "Kawu, littattafan nan na WhatsApp duk abu ɗaya ne. Ɗan mai kuɗi, 'yar talaka, muguwar kishiya, sai asibiti." Ta ce sabon labari ya ƙare a duniya. Na yarda da rabin maganarta.

Duk ɗan makarantar da ya tashi a ƙasar Hausa ya san Magana Jari Ce. Abubakar Imam ya rubuta shi a shekarun 1930, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga labaran cikinsa aro ne: wasu daga Alfu Laila wa Laila, wasu daga tatsuniyoyin Turai, shi kansa akun nan mai ba da labari asalinsa Indiya. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji baƙunta? Imam ya tuɓe musu kayan ƙasarsu, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa, har suka koyi baƙar magana irin tamu.

Mu a nan Sakkwato ma ba sai an je da nisa ba. Malaman jihadi ba su ɗauki gina magana a kan ta wani abin kunya ba. Shehu Usmanu ya yi waƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa don matan karkara su haddace. Tahamisi kuwa fanni ne mai zaman kansa: ka ɗauki baitin wani, ka ƙara layuka uku naka a kan biyunsa, kuma kowa ya san wane ne mai asali. Nan ne gizo ke saƙa. Su suna faɗin inda suka ɗauko. Wanda ya kwafe littafin wata sukutum, ya canza sunan Zainab zuwa Hafsat ya saka lambar asusunsa a ƙasa, ɓarawo ne, ba ma sai an yi muhawara ba.

Abin da ke damuna daban ne. Marubuciya tana zaune a unguwar Mabera ko Runjin Sambo, amma labarinta fim ɗin Indiya ne da aka yi wa kwaskwarima. Jarumin kullum yana cikin sanyin mota, bai taɓa sanin zafin watan Afrilu ba, zafin da ke sa mutum ya kwana a tsakar gida. Ba mai noman albasa a fadamar Rima, ba majemi, ba direban da ke jigila zuwa Illela. Ko bakinmu ba ya fitowa: kowa na cewa "me" da "wannan", an bar "mi" da "wanga" kamar abin kunya. (Na san wasu za su ce masu karatu a Kano suka fi yawa. To, su ma ai sun gaji da abu ɗaya.)

Kishi da gado da auren dole sun girmi kakanninmu, ba wanda zai ƙirƙiro su yau. Amma yadda kakar ɗiyar yayar tawa ta zauna da abokiyar zamanta shekara arba'in, suna faɗa da safe suna cin tuwo kwano ɗaya da dare, ba a taɓa rubuta shi ba. Na gaya mata haka. Ta yi dariya ta ce za ta fara tambayar tsohuwar, in ta yarda ta buɗe baki.