Kira daban, shiri daban: me ya sa muke gaggawar miƙa wa sabon tuba ragamar ikilisiya?

Na san wani matashi da aka yi wa baftisma a farkon shekara, kafin shekarar ta zagayo har ya fara hawa mumbari ranar Lahadi. Gaskiya Allah ya yi masa baiwa. Yana da murya, yana da haddar ayoyi, idan ya ɗaga addu'a sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Mu da muke cikin kwamitin ikilisiya a lokacin murna muka yi, muka ce Allah ya aiko mana da ma'aikaci.

Sai yaron wata 'yar'uwa ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Matashin nan ya je asibiti, ya ɗibiya masa hannu, ya kuma gaya wa uwar a gaban mutane cewa Ubangiji ya nuna masa yaron zai tashi. Bayan kwana uku yaron ya rasu. Ina zaune a ɗakin lokacin da matashin ya shigo yin ta'aziyya. Uwar ta ɗago kai ta ce, "Fasto, ba kai ka ce zai tashi ba?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Mama, da bangaskiyarki ta kai, da ba haka ba." Wani tsohon dattijon ikilisiya ya miƙe, ya kama hannunsa, ya ce, "Ɗana, zo mu fita." Matar nan ta yi shekara biyu ba ta taka ƙofar majami'a ba.

Ba mugu ba ne matashin. Tsoro ne ya kama shi, ya ga maganarsa ta faɗi ƙasa a idon jama'a, bai kuma taɓa koyon yadda mutum zai ce "na yi kuskure" ba. Sai ya sauke kayan a kan wadda ba ta da ƙarfin ɗauka. Laifin kuwa, idan za a raba shi da adalci, kaso mafi girma namu ne, mu da muka ba shi mumbari tun kafin rayuwa ta taɓa murɗa shi.

Ra'ayina ke nan: ana iya samun baiwa dare ɗaya, amma hali sai an daɗe ana gini, kuma hidima a kan hali take zama. Ikilisiyar da ta ga baiwa ta ɗauka ta ga balaga, tana haƙa wa ma'aikacinta rami ne da hannunta.

A buɗe 1 Timoti sura 3, inda Bulus ya jera abin da ake nema ga mai kula da ikilisiya. Mutum ya ƙirga da kansa. Ya zama marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, natsattse, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda ko na waje ma suna shaidarsa. Cikin wannan dogon jeri abu ɗaya tak ne za a kira gwaninta, wato iya koyarwa. Sauran duk hali ne. Babu murya a ciki, babu iya tara jama'a, babu wahayi ko mafarki. Mu kuwa mun juya jerin ƙasa ta koma sama. Wa'azin gwaji na rabin awa muke saurara mu yanke hukunci, ba wanda ya tambayi matarsa, ko maƙwabcinsa, ko wanda ya taɓa binsa bashi.

A aya ta 6 Bulus ya fito fili ya ce kada ya zama sabon tuba, don kada ya kumbura da girman kai. Kalmar Helenancin da ya yi amfani da ita tana nufin sabon dashe, itacen da ba a daɗe da shukawa ba. Duk wanda ya taɓa dasa itace ya san ganyensa kan yi shar tun saiwa ba ta kama ƙasa ba. Ba a ɗaure dabba a jikinsa. A sura 5 ya sake jan kunnen Timoti kada ya yi garajen ɗibiya wa kowa hannu, ya ƙara da cewa zunuban waɗansu a fili suke, na waɗansu kuwa sai daga baya suke bayyana. Wannan "daga baya" shi ne dalilin jira. Akwai abin da tambayoyin kwamiti ba za su tono ba, sai zama tare.

Labaran da muke wa'azi a kansu kullum ma haka suke, sai dai mukan tsallake shekarun da ke tsakiya. Yusufu yana ɗan shekara 17 ya yi mafarkinsa, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30, shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku. Musa yana da shekara 40 ya ga lokaci ya yi da zai ceci 'yan'uwansa, ƙarshenta ya kashe mutum ya binne a yashi ya gudu. Ya yi wata shekara 40 a Madayana, yana kiwon tumakin surukinsa, kafin a aike shi. Kiran da ya ji tun farko gaskiya ne, mutumin ne bai nuna ba. An shafe Dawuda da mai yana saurayi, sarauta ba ta zo hannunsa ba sai yana da shekara 30, kuma sau biyu Saul ya faɗo hannunsa ya ƙi taɓa shi. Yesu kansa, wanda ba shi da wani hali da ke bukatar gyara, sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara, ya kuma shiga jeji kwana 40 tukuna. Da ya zaɓi almajiransa sha biyun nan, Markus 3:14 ya ce domin su kasance tare da shi, ya kuma aike su wa'azi. Zama ya riga aike. Bayan tashinsa daga matattu ma, mutanen da suka yi kusan shekara uku suna binsa, cewa ya yi kada su bar Urushalima, su dakata.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Girbi yana da yawa, ma'aikata kaɗan ne. Rayuka suna hallaka, kai kana maganar jira. Bulus da ya tuba a hanyar Dimashƙu ai nan da nan ya shiga majami'u yana shelar Yesu. Irmiya ya ce shi yaro ne, Allah ya hana shi faɗin haka. An gaya wa Timoti kada ya bar kowa ya rena ƙuruciyarsa. Charles Spurgeon yana ɗan shekara 17 ya fara riƙe ikilisiya a wani ƙauye a Ingila, yana da 19 aka kira shi Landan a 1854. Duk gaskiya ne, ban kuma ɗauki wannan hujja da wasa ba. Akwai tsofaffin da suka mayar da "ka jira lokacinka" sandar kare kujera, suka tsofar da matasa masu kira a bakin ƙofa har zuciyarsu ta mutu. Wannan ma zunubi ne, kuma furfura ba ita ce balaga ba. Na ga dattijo mai shekara 60 da ba a isa a gyara masa ko kalma ɗaya ba.

Sai dai masu wannan hujja suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Shaida daban, riƙon garke daban. Matar nan ta Samariya ta bar tulunta a bakin rijiya ta ruga gari a ranar da ta gamu da Yesu, ba wanda ya ce ta jira. Kowane mai bi zai iya faɗin abin da Allah ya yi masa tun daga ranar farko. Amma ba a naɗa ta shugabar ikilisiya da yammacin ranar ba. Bulus ɗin ma, a bi sawunsa a Galatiyawa sura 1 da Ayyukan Manzanni. Ya tafi Arabiya, ya komo Dimashƙu, sai bayan shekara uku ya je Urushalima ya yi kwana 15 wurin Bitrus. Daga nan ya nufi Siriya da Kilikiya, aka kusan daina jin ɗuriyarsa, har Barnaba ya je Tarsus ya nemo shi. Suka yi shekara guda cur suna koyarwa a Antakiya kafin ikilisiyar ta yi azumi da addu'a ta sallame su. Mutumin da ya ga Almasihu ido da ido bai aiki kansa ba. Spurgeon kuwa a gidan masu hidima ya tashi, kakansa fasto ne, mahaifinsa ma mai wa'azi ne, tun yana ƙarami yake cikin littattafan tauhidi. Yaro ne a shekaru, amma ba sabon dashe ba ne.

Ikilisiyar farko ta ɗanɗana wannan matsala tun da wuri. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Nikiya a shekara ta 325, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, wanda aka fi saninsa da batun allahntakar Almasihu, ya kafa dokoki 20. Ta biyu daga cikinsu ta hana a ɗauko wanda bai daɗe da baftisma ba a naɗa shi firist ko bishop. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa. Kuma ko bayan dokar an ci gaba da yi. A 374 jama'ar Milan a Italiya suka nace sai gwamnansu Ambrose ya zama bishop, alhali ko baftisma ba a yi masa ba. Cikin kamar mako guda aka yi masa baftisma aka naɗa shi. Ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya, don haka masu son gaggawa suna son ambatonsa. Abin da ba sa faɗa shi ne ya yi ta ƙoƙarin zillewa, da abin ya faskara kuma ya rabar da dukiyarsa, ya zauna gaban wani tsohon firist mai suna Simplician yana koyo. Shi da kansa ya amsa cewa ya fara koyarwa tun bai koya ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Augustine. Ambrose ne ya yi masa baftisma a 387. A 391 ya shiga majami'a a Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, jama'a suka riƙe shi suka ce sai an naɗa shi firist. Kuka ya yi ta yi a wurin naɗin. Wannan fa gwanin magana ne, wanda sana'arsa koyar da fasahar jawabi ce har a Milan, birnin da fadar sarkin Roma take a lokacin. Amma abin da ya fara yi shi ne rubuta wa bishop ɗinsa Valerius takarda yana roƙon a ɗaga masa ƙafa na ɗan lokaci ya nutsa cikin Littafi Mai Tsarki da addu'a, domin ya gane bai kai ba. Yau mutum nawa ne za a miƙa wa muƙami ya ce a ba shi lokaci?

To, makarantar tauhidi fa? Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Cocin Katolika tun babban taronsa na garin Trent a 1563 ya umarci a kafa makarantun horar da firistoci, a yau kuma ba ya naɗa firist ƙasa da shekara 25, bayan karatun falsafa da tauhidi na aƙalla shekara shida. Sauran ɗariƙu ma kowace da nata tsari. Jahili a kan mumbari haɗari ne. Amma takardar shaida tana nuna abin da ya shiga kai ne kawai. Ba ta nuna yadda mutum zai yi idan aka bar shi da kuɗin baiko ba mai ƙirgawa, ko idan wata mace mai damuwa ta zo neman shawara aka rufe ƙofa, ko idan aka yaba wa mataimakinsa fiye da shi. A waɗannan wurare uku yawancin masu hidima suke faɗuwa, ba a jarrabawar Helenanci ba.

Shirin da nake magana a kai ba shi da ƙyalƙyali. Addu'ar da mutum yake yi shi kaɗai, ba don zai jagoranci taro ba. Karanta Littafi don ya gyara shi, ba don neman abin faɗa ranar Lahadi ba. Ƙananan ayyukan da ba mai tafa masa, jera kujeru, ziyarar tsohuwar da ba ta ma gane shi. Sama da duka, ya zauna ƙarƙashin wani da ya isa ya ce masa a'a, ya kuma ji. Afolos mutumin Iskandariya masanin Littattafai ne, mai kaifin harshe, yana wa'azi gabagaɗi a Afisa. Biriskilla da Akila, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ya saurara. Da ni ne mai tantance masu neman hidima, tambayata ta farko ita ce: yaushe rabon da wani ya gyara maka, me ka yi?

Ikilisiyoyi kuma su daina ɓoyewa bayan "Ubangiji ne ya kira shi, mu su wane ne?" Yawancin gaggawar nan ba ta Ruhu ba ce. Akwai reshe da ba kowa, akwai gasa da majami'ar da ke kusa, akwai matashin da ke cika kujeru kuma muna tsoron idan muka ce ya dakata zai tafi ya buɗe tasa. Sau da yawa kuwa yakan tafi. Mu ma abin da ya sa muka yi shiru ke nan a wancan lokaci, ko da yake ba wanda ya furta.

Matashin nan bai tafi ba, abin da ya ba ni mamaki. Dattijon da ya fitar da shi daga ɗakin makoki ya roƙi kwamiti a sauke shi daga mumbari, ya ɗauke shi yana yawo da shi ziyarar marasa lafiya, da sharaɗin ba zai buɗe baki ba sai an ce ya yi addu'a. Wata shida na farko fushi yake yi, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. A shekara ta biyu ya je gidan matar nan shi kaɗai. Ban san abin da ya faɗa mata ba, ita ma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ta dawo sujada, a kujerar baya ta zauna, shi kuma yana bakin ƙofa yana raba littattafan waƙa.