Waƙar Ta Sa Ka Kuka, To Daga Nan Fa?

Salama a gare ku 'yan'uwana cikin Almasihu, musamman 'yan kwaya, 'yan Sabon Rai, iyayenmu na Zumuntar Mata, da samarinmu da ke kan ganga da jita da kibod. Yau da ku nake, da mu kuma da muke zaune a benci muna amshi.

A cikin Littafi Mai Tsarki akwai sarkin da ya sami mawaƙin da babu ɗayanmu da zai taɓa samun irinsa. Sarki Saul ke nan. A 1 Sama'ila sura 16, da mugun ruhu ya riƙa azabtar da shi, fadawansa suka ba da shawara a nemo gwanin garaya. Aka aika Baitalami, aka ɗauko Dawuda ɗan Yesse daga wurin kiwon tumaki. Duk sa'ad da abin ya taso wa sarki, sai Dawuda ya ɗauki garaya ya kaɗa, Saul ya wartsake, mugun ruhun ya rabu da shi. Mutumin da har yau muke rera zaburorinsa, shi ne yake kaɗa wa Saul a cikin ɗakinsa, ido da ido. Amma ku buɗe sura 18. Dawuda yana cikin kaɗawa kamar kullum, Saul yana riƙe da mashi, sai ya wurga masa da nufin ya kafe shi da bango. A sura 19 ya sāke yin haka. Kiɗan yana tashi, hannu yana kan mashi.

Abin da ya tono wannan mugunta ma waƙa ce. Matan Isra'ila sun fito taryen mayaƙa da kiɗa da rawa, suna cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai. Baiti ɗaya tak da aka ɗora wani a kansa, shi ke nan Saul bai ƙara kallon yaron da idon rahama ba. Ciwon kuwa ya daɗe a jikinsa. Tun a sura 15 ya kafa wa kansa al'amudin tunawa a Karmel, da annabi Sama'ila ya tsare shi da laifinsa kuma, ya ce ya yi zunubi, amma a daure a girmama shi a gaban dattawan jama'arsa. Ka ji tuban mai girman kai: na yi laifi, amma kada mutuncina ya zube. Garayar Dawuda ta zame masa kamar ƙwayar ciwon kai ga mai zazzaɓin cizon sauro, kan ya lafa na ɗan lokaci, cutar tana nan tana cin jini.

Da yawanmu haka muke shan waƙoƙin bishara. Mako ya yi zafi, bashi ya yi yawa, gida babu daɗi, sai mu zo sujada ranar Lahadi, kwaya ta ɗauko wadda muke so, jiki ya yi sanyi, hawaye su zubo. Mu fita muna cewa yau Ruhu ya sauka. Mai yiwuwa ya sauka ɗin, ban musa ba. Tambayata ita ce, da ka koma gida, mashin yana ina? Matar da ka yi mako biyu ba ka gaishe ta ba, ka gaishe ta? Yarinyar da take miki aiki a gida, wadda ba ta cin abinci sai kowa ya ƙoshi, ta ga wani canji a fuskarki ranar Litinin? Hausawa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Mu kullum kiɗanmu sabo ne, rawar zamanmu da mutane kuwa tsohuwa.

Kada wani ya ce na haramta kuka a cikin sujada. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya zama bishop na Hippo, an yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387 a hannun bishop Ambrose. Shi da kansa ya rubuta yadda waƙoƙin ikilisiyar suka riƙa shiga kunnensa, gaskiya tana tsiyaya cikin zuciyarsa, hawaye suna gangarowa, ya kuma ce hawayen sun yi masa amfani. Amma shi ɗin dai ya rubuta daga baya cewa duk lokacin da zaƙin muryar ya fi taɓa shi a kan maganar da ake rerawa, yakan lissafta wa kansa zunubi. Mutum ne da ya san bambancin jin daɗi da jin magana, yana kuma tsoron zuciyarsa ta ruɗe shi. Mu fa, sau nawa muke fita daga majami'a da karin waƙa a baki, amma in aka tambaye mu me baitin ya ce, sai mu yi zuru?

Ubangiji ya taɓa gaya wa annabi Ezekiyel wata magana mai ciwo, tana a sura 33. Ya ce mutanen suna zancenka a gindin bango da bakin ƙofofi, suna kiran juna a zo a ji maganar Ubangiji, suna zama a gabanka kamar jama'ata, amma a wurinsu kai kamar mawaƙin soyayya ne mai daɗin murya da gwanintar kiɗa. Suna ji, ba sa aikatawa, zuciyarsu tana kan riba. Ta bakin Amos kuwa, a sura 5, abin ya fi haka zafi: ku kawar mini da hayaniyar waƙoƙinku, ba zan saurari kiɗan molonku ba, sai dai a bar shari'ar gaskiya ta malala kamar ruwa. Mutanen nan ba su yi kuskuren murya ba. Talaka suke tattakewa, suna karɓar rashawa, sa'an nan su zo su rera.

To yaya abin yake in waƙa ta kai mutum ga tuba na gaske? Ku je Ayyukan Manzanni sura 16, kurkukun Filibi. An tuɓe Bulus da Sila, an yi musu dūka da sanduna, an jefa su can ƙuryar kurkuku, ƙafafunsu a turu. Wajen tsakar dare suna addu'a suna rera yabo ga Allah, fursunoni suna sauraro. Babu ganga, babu anko, babu wanda zai tafa musu. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, yari ya zare takobi zai kashe kansa don yana zaton fursunoni sun tsere, Bulus ya ɗaga murya ya hana shi. Ku lura da abin da mutumin nan ya yi. Ya nemi fitila, ya faɗi a gaban fursunoninsa yana rawar jiki, ya tambaya me zai yi ya sami ceto. Aka faɗa masa maganar Ubangiji, shi da mutanen gidansa. A cikin daren nan ya ɗebo ruwa ya wanke musu raunukan da ke bayansu, aka yi masa baftisma, ya kai su gidansa ya sa musu abinci. Ma'aikacin gwamnatin Roma, da hannunsa yana wanke bayan ɗan kurkuku. Littafi bai gaya mana ko ya koyi waƙar da suka rera ba. Abin da ya gaya mana shi ne ya sunkuya.

Wani lokaci kuma sunkuyawar takan ɗauki shekaru, wannan ma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Waƙar Turanci da ake kira Amazing Grace, wadda duniya duka ta sani, John Newton ne ya rubuta ta, mutumin Ingila da aka haifa a 1725. Yadda aka saba ba da labarinsa a wa'azi shi ne, mai fataucin bayi ne, hadari ya taso masa a teku, ya tuba, ya bar mugun aiki, ya rubuta waƙa. Ba haka abin ya faru ba. Hadarin ya same shi a watan Maris na 1748, ya kuwa yi kuka ga Allah ya nemi jinƙai. Amma bayan wannan ne ma ya zama kyaftin na jirgin bayi, yana zuwa gaɓar Afirka ta Yamma yana lodin mutane irinmu a cikin sarƙa, yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa na sama, su kuwa suna ƙasa a cunkushe. Sai a 1754 ya bar teku, rashin lafiya ce kuma ta sauke shi. Ya zama limamin ikilisiya a garin Olney a 1764, ya rubuta waƙar domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773, a kan addu'ar Dawuda da ke 1 Tarihi sura 17, inda sarki ya zauna a gaban Ubangiji yana tambaya shi wane ne da har aka kawo shi nan. Sai a 1788, shekara arba'in bayan hadarin, ya fito fili ya buga ƙasida yana tona asirin cinikin, yana faɗin kunyar hannunsa da ke ciki, ya kuma mara wa William Wilberforce, ɗan majalisar da ke yaƙi da cinikin bayi, baya. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta haramta fataucin bayi.

Ni abin da nake girmamawa a rayuwar dattijon nan ya fi waƙar. Yana da suna, yana da mumbari, ana rera waƙoƙinsa, ba wanda ya tilasta shi ya tono tsohon ƙazantarsa a bainar jama'a. Ya yi. Saul ya ce a rufa masa asiri a gaban dattawa, Newton ya buɗe nasa da hannunsa. Labarin kuma gargaɗi ne mai ban tsoro: mutum zai iya yin kuka ga Allah da gaske, yana addu'a safe da yamma, alhali akwai mutane a ƙarƙashin ƙafarsa da bai ma gan su a matsayin mutane ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Yanzu bari in juyo gare ku, mawaƙa, cikin ƙauna. Aikinku yana da haɗari fiye da yadda kuke zato, domin kuna tsaye a inda idon kowa yake. Mun ga kwayar da ta rabu biyu a kan wa zai riƙe makirfo ranar bikin godiya. Mun ga 'yar'uwa ta daina zuwa koyon waƙa don an ba wata baitin da ta saba ja. Mun ga masu kiɗa da zarar Baba Fasto ya hau mumbari sai su sulale waje su kama danna waya, sai lokacin baiko su dawo, kamar wa'azin na wasu ne, su sun riga sun sauke nasu. Ɗana, in kai ne, ka daina. Wanda yake kai mutane gaban Maganar Allah shi kuma ya ƙi zama a ƙarƙashinta, wa yake bauta wa? Ranar ƙaddamar da faifai kuma a cika fili da kirarin manyan baƙi da liƙi, har a tashi ba a ambaci gicciye ba sai a cikin addu'ar buɗewa.

Ban ce kada a biya mawaƙi ba. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, Yesu ne ya faɗa a Luka sura 10. Ikilisiyar da take ajiye yaro a kan ganga shekara da shekaru, ba kuɗin mota, ba wanda ya tambayi makarantarsa, ita ma tana da abin tuba. Mu masu sauraro ma muna da laifi, mu ne muke kumbura su. A Ayyukan Manzanni sura 12, jama'a ne suka fara ihu suna ce wa Hirudus wannan muryar allah ce, ba ta mutum ba. Shi laifinsa bai mayar da ɗaukakar ga Allah ba, tsutsotsi suka cinye shi. In kana ƙaunar mawaƙinka, ka yi masa addu'a, ka rage masa kirari.

Girman kai kuma ba a kan dandamali kaɗai yake zama ba. Akwai na dattijon da yake ganin in ba daga Littafin Waƙoƙi aka ɗauko ba, to ba ta ruhaniya ba ce, yana harare-harare kamar Mikal matar Dawuda da ta leƙo ta taga ta rena Dawuda yana rawa a gaban akwatin alkawari. Akwai kuma na matashin da yake murmushin reni in iyayenmu mata suka fito da tulu da caki. Waɗannan matan da waƙoƙinsu suka koya wa ƙauyuka da yawa labarin Yesu tun kafin a kawo lantarki, yawancinsu ba wanda ya san sunan wadda ta tsara baitin, ba su kuma nemi a sani ba.

A daren da aka ba da Ubangijinmu, Markus sura 14 ta ce sun rera waƙa sannan suka fita zuwa Dutsen Zaitun. Bitrus yana cikin masu rerawa, tare da Yesu kansa. Waƙar ba ta gama sanyi a bakinsa ba ya bugi ƙirji ya ce ko duka sun yi tuntuɓe, ban da shi. Kafin zakara ya yi cara sau biyu ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku. Saboda haka kada kowa ya dogara da zafin da ya ji a lokacin yabo, ko da a kusa da bagade yake tsaye.

Abin yi a bayyane yake a Matta sura 5: in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Waƙa ma baiko ce. Kafin koyon waƙa na wannan mako, 'yar'uwa, ki je gidan wadda kuke gaba da ita, ke da ƙafarki, ba saƙon waya ba, ki faɗi naki laifin ba tare da kin haɗa da nata ba. Ɗan'uwa, kuɗin ƙungiya da ka taɓa, ka je wurin ma'aji ka faɗa, ku tsara yadda za ka mayar. In kuwa kai aka yi wa laifin, ka sami wanda ya yi maka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ji ka koma da mutum ɗaya ko biyu, uwar zumunta ko wani daga cikin dattawan ikilisiya, yadda Matta sura 18 ta tsara.