Wa ya ce ɗan kallo ya yi shiru?

Jiya da daddare na dawo daga wani bikin fasaha da aka yi a nan Kaduna, kuma har yanzu akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun kafin a fara, mai gabatarwa ya karanto mana sharuɗɗa: ba shewa, ba guɗa, ba mai hawa dandamali da kyauta, wanda abu ya burge shi ya adana tafinsa sai an kammala. Wata dattijuwa da ke bayana ta taɓa ni ta ce, "Ɗan nan, zaman makoki aka gayyato mu?"

Masu kalangu ne suka buɗe fage. Hannunsu ya faɗa, amma kana ganin mawaƙin ka san a takure yake. Sai ya jefa baiti ya ɗan saurara inda ya saba jin fili ya ɗauka, ya ji tsit, ya ci gaba jiki ba ƙwari. To ai waƙar baka ba a gida ake dafa ta a kawo a kwano ba. Marigayi Mamman Shata, da ya rasu a 1999, a tsakiyar taro yake ɗinka waƙa: ya hango wane, sanƙira ya shelanta kyautar wane, nan take baiti ya fito. Ka ɗauke masa mutanen da ke gabansa, ka ɗauke rabin waƙar.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen mai barkwanci. Yaron yana da baiwa, ya kama Zagezagi ya yi ta yi musu tsiya, da jin harshensa Bakano ne. An yi dariya, amma irin ta ciki-ciki. Kowa ya san wasan Kanawa da Zagezagi, ko na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, yana da ƙa'ida guda: wanda aka taɓa yana da bakin ramawa. Da a dandali ne, kafin ya rufe baki wani Bazazzagi ya miƙe ya mayar masa, fili ya kaure, kowa ya tafi gida da raha. Amma mutum ɗaya riƙe da makirfo, sauran an ɗaure musu baki, wannan ya tashi daga wasa ya fara komawa cin fuska. Na ga wani bawan Allah ya tsuke fuska ya fice, kuma ban ga laifinsa ba.

Wasan kwaikwayon kuwa mutane kasa daurewa suka yi. Da mijin ya ɗaga hannu zai mari matarsa, wata daga can baya ta ce, "Allah ya isa!" Masu tsaron ƙofa suka yi kanta. Haba jama'a! Wace shaida ɗan wasa yake nema da ta wuce wannan? Ko a jami'ar Ahmadu Bello, da aka tashi gina wurin wasan kwaikwayo a Samaru a shekarun 1970, da ƙasa aka gina shi, a fasalin gidan Bahaushe, don ɗan kallo ya matso kusa da ɗan wasa.

Na san masu shiryawa ba su rasa hujja ba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da Naira, kuma a 2024 mun ga an gurfanar da mutane a kanta. To a ajiye faranti a gaban makaɗa, a sa sanƙira, wa ya hana? Idan kuma ɗaukar bidiyo ake wa tattali, ni wayoyin da aka ɗaga sama suka tare mini gani sun fi kowace shewa ɓata mini kallo, kuma su ba wanda ya ce musu kanzil.

Dab da tashi masu kalangu suka dawo. Dattijuwar nan ta gyara mayafi, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa har sai da mai gabatarwa ya zabura. Babban makaɗin ya juyo ya matse kalangu a hammata ya nufo layinmu, 'yan amshi na biye da shi.