Hoton Oga Ya Cinye Saman Shafi

Ka buɗe shafin wata makaranta ko ma'aikata a wayarka kana neman abu ɗaya tak, ranar rufe rajista ko lambar da za ka kira, me zai fara tarbarka? Ƙaton tambari, sai hoton oga da babbar riga ya cika sikirin, sai jawabin barka da zuwa wanda ban jin ko wanda ya rubuta shi ya karanta har ƙarshe. Abin da ya kawo ka yana can ƙasa, ka yi ta ja da yatsa data na zuba, wani lokacin ma a cikin PDF aka cusa shi.

Masu haɗa shafukan za su ce maka ai yanzu kowa ya iya ja ƙasa, Facebook da TikTok sun koya wa mutane. Eh, akwai ƙamshin gaskiya. Kamfanin Nielsen Norman Group na Amurka da ke bin motsin idon masu karatu ya gano a 2010 kashi 80 na lokacin kallo a saman shafi yake ƙarewa, zuwa 2018 ya sauko kashi 57. To amma fa 57 ɗin ma ya haura rabi, kuma binciken na 2018 ya nuna kashi 74 duk a sikirin biyu na farko ne. Sannan mai ja a TikTok nishaɗi yake, ba inda za shi, shi kuwa ɗalibin da ke neman sunansa a lis da ragowar megabait kaɗan sauri yake, in bai ga alama a sama ba sai ya fita ya je tambaya a guruf na WhatsApp, can kuma a ba shi tsohon lis.

Ko mai jarida a bakin danja ya san wannan, in ya ninke ta babban kanun yake nuna maka.

Shafukan labarai nasu ciwon talla ne. Na san da ita ake biyan albashi, ban ce a cire ba, amma talla uku kafin layin farko na labari ai cin fuska ne, kuma tun 2012 Google ya ce zai riƙa tura irin waɗannan shafuka baya a sakamakon bincike. A ɗora kanu, kwanan wata da jimla biyu masu faɗin me ya faru a sama, sai talla ta biyo. Hoton oga a kai shi shafin tarihin ma'aikata, masu son ganinsa za su nemo shi.