Wai kunnena ne ya tsufa

Jiya da la'asar wani yaro da bai kai ɗana na biyu ba ya tara mini jama'a a kasuwar 'yan waya, a kan kayan da na saya da gumina. Har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Ni mai son kiɗa ne tun zamanin kaset. Kunnena ya san kalangun da aka ɗauka da kyau, ya san wanda aka matse har ya koma kamar ana dukan gwangwani. Da na ji cewa tun 2021 manhajar sauraron waƙa ta Apple Music ke sakin waƙa yadda ta fito daga sitidiyo ba tare da an rage mata komai ba, har da mai 24-bit da ta ɗara ta faifan CD, sai na yi rajista. Wayata irin ta yanzu ce, ba ta da ramin iyafis. Dole sai an maƙala ɗan abin nan a wajen caji, wanda ake ce wa DAC, shi ke juya lambobin waƙa su zama sauti. Komai kyan waƙa ta cikinsa za ta bi, in ya zama jabu an gama da kai. Na je na sayi shi da iyafis mai igiya, naira dubu goma sha takwas, kwalin ɗauke da tambarin Hi-Res ruwan zinare, alamar sauti mai tsabta sosai.

Na koma gida na sa. Shuuu kamar ana ruwa a kan kwano. Kunnen hagu ya fi na dama rauni, gangar ƙasa ta ɓace gaba ɗaya, muryar mawaƙi kamar daga cikin rijiya.

Washegari na koma da kwali da rasit. Na yi sallama, yaron yana danna waya, bai ɗago ba. Na sake. Ya ce, "Ina ji, Baba." Na ajiye kayan na yi masa bayani a tsanake. Ya ɗauka, ya jona a tasa wayar, ya kunna wata waƙa da aka turo masa ta WhatsApp, ya ƙure ƙara, janareton maƙwabcinsa na ruri a bayanmu. Ko a kunne bai sa ba. Daga nesa ya riƙe ya ce, "To ga shi yana yi."

Na ce, "Ɗan samari, ƙara daban, sauti daban. Sa a kunnenka ka ji."

Ya ce, "Baba, kiɗa ai kiɗa ne. In wannan bai maka ba, cika dubu biyar ka ɗauki mai Bluetooth, shi manya ke sawa."

Na haɗiye fushina na ce masa Bluetooth matse waƙa yake yi kafin ya aika. Ko LDAC, tsarin aika sauti ta Bluetooth na kamfanin Sony da ake yabo, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali faifan CD kaɗai 1,411 yake ɗauka. Na biya kuɗi don in ji waƙa cikakkiya, me zai sa in sayi abin da zai yanke ta a hanya?

Nan ne ya ajiye waya. Ya kwashe da dariya, ya leƙa waje ya ɗaga murya: "Kai jama'a, ku zo ku ga farfesan kunne!" Mutum huɗu suka matso. Ya nuna ni da kwalin ya ce, "Baba, gaskiya kunnenka ne ya tsufa. Asibiti za ka, ba shago ba. Kuma kaya in ya fita ba ya dawowa." Ya turo mini kwalin da bayan hannu, ya koma kan wayarsa.

Da furfurata. A gaban mutane. Kuma cikin huɗun nan babu wanda ya ce masa kai yaro, sa'an ubanka ne. Ɗaya ma cewa ya yi, "Alhaji, ka yi haƙuri, haka kayan suke yanzu."

Haƙurin nan ne ya kashe mu. Shekara nawa muna yinsa? Caja jabu, batir jabu, memori da aka rubuta 64 a jikinsa ya cika tun bai kai rabi ba. Kayan nan ba daga sama suke faɗowa ba. Ta tashar jirgin ruwa suke shigowa kwantena-kwantena, su wuce shinge bayan shinge har su iso Kano, kuma akwai waɗanda ake biya albashi duk wata don su duba ingancinsu. Ina suke? Wa ya taɓa ganin an rufe shago don ya manna tambarin ƙarya a kwali?

Ko da kayan sun yi kyau, da wace data za ka saurara? A lissafin Apple da kansu, waƙar minti uku tana cin megabait 6 a sauti na gama-gari, 36 a wadda ba a matse ba, 145 a mafi tsabta. Wato a mafi tsabtar, gigabait guda da ƙyar zai kai ka waƙa bakwai. Mu kuwa waƙoƙinmu na gargajiya ɗaya sai ta yi minti ashirin. Ana cikin haka, a watan Janairun 2025 gwamnati ta amince a ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data. An ƙara kuɗi, sabis yana nan jiya i yau: waƙa ta yi baiti biyu ta tsaya tana juyi. Ka ce bari in sauke ta da dare, a ɗauke wuta, waya ta mutu. Wace ƙasa ce mutum zai biya kuɗin waƙa, ya biya na data, ya biya na wuta, ya biya na iyafis, a ƙarshe ko ɗaya bai samu ba?

Mu ma da namu laifin, kuma shi ya fi ci mini rai. Mun yarda cewa ƙara ita ce kyau. Je gidan biki ka ga lasifika na kuka har ta yage, kowa na murna. Kiɗan kotso da taushi da kukuma da iyayenmu suka bari, an kwafe shi daga kaset zuwa MP3, 'yan danlodin sun ƙara matse shi don ya shiga memori, an tura ta waya sau ɗari har amon fata ya mutu. Yaran da suka tashi da wannan ba su taɓa jin yadda kalangu ke magana ba, shi ya sa wanda ya ce ya ji bambanci suke mayar da shi mahaukaci. Gwamnatocin da ke kashe kuɗi a bukukuwan al'ada, me ya hana su nemo faya-fayan asali su adana su da sauti mai tsabta kafin gara da zafi su cinye su?

Kwalin yana nan a kan teburina da rasit a ciki. Gobe da safe wajen shugaban kasuwa zan kai shi, kuma a gabansa yaron nan zai sa iyafis ɗin a kunnensa, na hagu da na dama.